Gurasar Matar Uba

A cikin birnin Kano, wajen Jakara, inda mata ke hura tanderu tun kafin assalatu, an yi wani magidanci mai sayar da takalman fata a Kasuwar Kurmi. Mutum ne mai sanyin hali, ba ya son hayaniya, kuma abin da manya suka faɗa shi ne nasa. Matarsa ta fari ta rasu bayan doguwar jinya, ta bar masa 'ya mace 'yar shekara biyu. Sunan kakarta ta wajen uwa aka sa wa yarinyar, don haka ake sakaya shi da Ummi. Da aka share makoki, kakar, wadda kowa ke ce wa Inna, ta goya jikarta ta tafi da ita ƙauyensu a ƙasar Gumel.

A can Ummi ta yi wayo. Da safe koko, da rana fura da nono, da dare tuwon dawa miyar kuka. Burodi sai in wani ya je birni ya yo tsaraba, shi ma yanki ɗaya ake raba wa yara biyar. Yarinya ta tashi da kumatunta, ga surutu ga ƙiriniya.

Da ta kai shekara biyar, mahaifinta ya sake aure. Ya auro 'yar gidan masu gurasa, wadda ta buɗe ido ta tarar da kakarta da mahaifiyarta a bakin tanderu. Ya ce tunda gida ya samu mace, a dawo masa da 'yarsa ta shiga makaranta. Inna ba ta so ba, amma ba ta da hujjar hanawa. Ranar da ta kawo ta, ta kama hannun Ummi ta sa a cikin na amarya, ta ce, "Ga amana nan. Marainiya ce."

Amarya ta durƙusa ta ce, "In Allah ya yarda, Inna, ba za ki ji komai ba sai alheri."

Har zuciyarta ta faɗa. Ta san abin da ake faɗa a kan matan uba, ta kuma ƙudura cewa ita ba za a faɗa a kanta ba. Gurasar farko da ta fito daga tanderu ta Ummi ce, a yayyafa mata man gyaɗa, a barbaɗa garin ƙuli-ƙuli. Da safe shayi da burodi, in za ta tafi makaranta a sa mata biskit a jaka. Da rana taliya da mai da yaji. Ranar Juma'a alkubus ko funkaso da miyar taushe. Ummi kuwa "Anti" ba ya fita daga bakinta, duk inda matar ta sa ƙafa nan take mayar da tata.

Ba a yi wata huɗu ba yarinya ta fara sauyawa. Gudawa ta kama ta, ba irin wadda ke zuwa ta wuce ba: bayan gida mai yawa, fari-fari, mai maiƙo da mugun wari. Cikinta ya kumbura ya yi gaba, hannuwa da ƙafafu suka sirance, mazaunanta suka zube har wandon makaranta ya daina zama a ƙugunta. In aka ja fatar idonta ƙasa, fari fat. Yarinyar da ba ta iya zama wuri ɗaya ta koma rakuɓewa a lungu, abu kaɗan sai kuka.

Aka ce tsutsar ciki ce, aka ba ta magani. Aka ce taifot ne, ta sha allurai. Wata maƙwabciya ta ce basir ne, wata ta ce shawara, aka jiƙa saiwoyi. Anti kuwa, ganin yarinya na ramewa, sai ta ƙara ƙaimi wajen ciyarwa. Ta lallashe ta, ta goya ta, ta jiƙa mata gurasa a shayi mai madara tana ba ta a baki.

Da aka yi dogon hutu Inna ta zo ganin jikarta. Tana ɗora ido a kanta ta saki salati, ta zauna a ƙasa daɓas. Washegari ta tafi da ita ƙauye. Kafin a koma makaranta gudawa ta tsaya, ciki ya saɓe, Ummi ta koma bin 'yan awaki da gudu. Aka dawo da ita Kano, ba a yi sati uku ba aka koma gidan jiya.

Inna ta kira surukinta ta ce, "Malam, ruwa ba ya tsami banza. Yarinya a hannuna lafiya, a gidanka cuta. Kai ne namiji, ka yi tunani."

Magana ta fita. A gidan biki in Anti ta shiga sai a yi tsit. Wasu iyaye suka hana 'ya'yansu cin abinci a gidan, wasu masu sari suka koma sayen gurasa a wani wuri. Ba wanda ya furta kalmar a gabanta, amma ta san sunan da aka raɗa mata.

Ana cikin haka, a farkon shekarar 2024, fulawa ta yi tsadar da ta sa masu gurasa a Kano suka fito suna kuka. Jarin Anti ya karye, ta rufe tanderu kusan wata biyu. Kasuwar maigida ma ta ja baya, burodi da taliya suka yi ƙaura daga gidan. Aka koma koko da safe, tuwon masara da dare, wani lokaci dambun shinkafa. A daidai wannan lokaci Inna ta aiko da turare da garin magani, ta ce a riƙa yi wa yarinya. Ikon Allah, Ummi ta fara murmurewa a cikin gidan ubanta, a hannun matar da ake zargi. Inna ta ce magani ya karya aikin da aka yi. Da Anti ta kwashi adashi ta sake hura tanderu, ciwo ya dawo. Inna ta ce an sabunta aikin, ta zo ta ɗauke jikarta.

Bayan 'yan makonni maigida ya shirya zuwa dubo 'yarsa. Anti ta kwana ba ta runtsa ba, ta gasa gurasa cike da kwando, ta soya cincin da dublan, ta ce, "Malam, ka ce mata Antinta na gaishe ta." Ummi ta yi murna, ta rungume kwandon ta yi ta ci kwana da kwanaki. Sai ga gudawa da kumburin ciki a tsakiyar ƙauye, inda ba su taɓa kama ta ba.

Inna ta ƙunso ragowar gurasar a zane, ta hau mota har Kano, ta zube ta a tsakar gida. Ta ce, "Ga shaida. Har gidana kika bi ta da shi. Me marainiyar Allah ta tare miki?"

Anti ta durƙusa tana kuka ta ce, "Wallahi Inna, abin da na ba ta shi nake ci, shi Malam ke ci." Ta ɗauki gurasar ta gutsira ta haɗiye a gabansu. Inna ta ce ai wanda ya haɗa abu ya san makarinsa. Maigida ya sunkuyar da kai, can ya ce, "Ki je gida tukuna, sai na neme ki."

Da matar ta bar gidan, aka ɗauka magana ta ƙare. Maigida ya dawo da Ummi saboda makaranta, ƙanwarsa ta zo ta zauna da su. Ita ba mai son wahalar girki ba ce: da safe a aika wurin mai shayi a sayo burodi, da rana Indomie, da dare taliya ko tuwon samo. Yarinya ta lalace fiye da kowane lokaci. Ƙafafunta suka fara kumbura, ran nan ta yanke jiki ta faɗi a filin makaranta. Aka kwashe ta sai babban asibiti.

Labari ya isa gidan su Anti. Mahaifiyarta ta ce, "Ina ruwanki? Sun ce ke ce, to ga shi ba kya nan." Ta ce, "Umma, da hannuna na karɓi amanar yarinyar nan." Ta zura hijabi ta tafi.

Likitar yaran da ta karɓi Ummi mace ce mai natsuwa. Ta sa aka yi mata ƙarin jini, aka bincika abubuwan da suka fi yawan kawo irin wannan rama: tsutsar ciki, tarin fuka, sikila, cuta mai karya garkuwar jiki. Duk babu. Sai ta tara su ta ce, "Kun faɗa mini lokutan da take kwanciya. Yanzu ina son ku faɗa mini lokutan da take samun lafiya."

Inna ta ce, "A wurina, 'yar nan. Kuma ni na faɗa musu wannan ba ciwon asibiti ba ne."

Daga bakin ƙofa Anti ta ce, "Likita, in an ba ni izini, akwai abin da na daɗe ina juyawa a raina." Inna ta kau da kai. Likita ta ce ta matso. Ta ce, "Ta taɓa samun sauƙi a hannuna, lokacin da fulawa ta gagare ni na daina gurasa. A ƙauye ba a cin kayan fulawa, sai da na aika da su ta kwanta. Yanzu ba na gidan, amma na ji burodi da taliya take ci. Ni dai ba ni da ilimi, amma duk inda na duba fulawa nake gani."

Likita ta ajiye alƙalaminta ta dube ta. Ta ce, "Malama, kin taɓa gwada yin gurasa da garin gero?"

"Ba ya yi, likita. Ba shi da danƙo, ba ya kama jikin tanderu."

"To wannan danƙon na alkama shi ake kira gulutin. Yana cikin alkama da sha'ir da wani danginsu da ake nomawa a ƙasashen sanyi. Yawancin mutane suna cin sa lafiya lau. Amma akwai waɗanda in ya shiga cikinsu, garkuwar jikinsu sai ta rikice ta afka wa hanjinsu. Cikin ƙaramin hanji kamar fuskar sabon tawul yake, da 'yan tsirarrun zare masu tsotse amfanin abinci. In cutar ta cinye su sai ya koma tsohon tawul da ya siɗe, ba ya shan ruwa. Yaro ya ci ya ƙoshi, amma abincin wucewa kawai yake yi. Daga nan rama da ƙarancin jini da tsayawar girma ke zuwa. Sunan cutar siliyak, kuma a duniya kusan mutum 1 cikin 100 yana da ita, yawancinsu ba su sani ba."

Maigida ya ce, "Amma likita, burodi? Abin da kowa ke ci?"

Ta ce, "Malam, likitocin Turai ma sun daɗe suna wannan mamakin. Tun 1888 wani likita a Landan, Samuel Gee, ya bayyana alamomin cutar dalla-dalla, ya ce maganinta yana cikin abinci, amma bai gano wane abinci ba ne. Wanda ya gano wani likitan yara ne a ƙasar Holan, Willem Dicke. Tun a shekarun 1930 wata uwa ta gaya masa ƙurajen jikin yaronta na bajewa in ta hana shi burodi, ya riƙe maganar bai raina ta ba. Sai ga Yaƙin Duniya na Biyu. A hunturun 1944 zuwa 1945 sojojin Jamus suka toshe hanyar abinci, yunwa ta kashe kusan mutum 20,000 a yammacin ƙasar, har mutane suka koma cin albasar furanni. A cikin wannan bala'i, yaran da ke da wannan cuta a asibitinsa na birnin Hague suka samu sauƙi saboda babu burodi. Da agaji ya iso aka ba su burodi, suka sake kwanciya. A 1950 ya gabatar da bincikensa, duniya ta san alkama ce. Abin da yunwar yaƙi ta nuna masa, shi tsadar fulawa ta nuna wa matarka. Kuma kada ku ce ciwon Turawa ne. A sansanonin 'yan gudun hijirar Yammacin Sahara da ke Tinduf a Aljeriya, inda fulawar agaji ta zama babban abinci, binciken da aka buga a 1999 ya samu cutar a jikin yara sama da 5 cikin 100."

Maigida ya ce, "To daga yau an daina ba ta."

Likita ta ce, "Ka dakata mu ɗebi jini tukuna. In aka janye alkama kafin gwaji, alamar da muke nema tana iya ɓacewa, sakamako ya ruɗe mu. Kuma alkama ba hanya ɗaya take cutar da mutum ba. Wani yana ci, nan take jikinsa zai yi borin jini, leɓe ya kumbura, numfashi ya toshe. Wani ƙuraje ne masu ruwa da azabar ƙaiƙayi za su fito masa a gwiwar hannu da ta ƙafa. Wani kuma cikinsa ne ke ɓaci alhali gwaji bai nuna hanjin ya lalace ba. Kowanne da yadda ake bi da shi, shi ya sa ba a yanke hukunci a gida."

Aka ɗebi jini aka kai inda ake irin gwajin, don ba kowane ɗakin gwaji ke yinsa ba. Sakamako ya nuna abin da ake zato. Aka sa Ummi barci, aka zura siririyar na'ura mai kyamara ta bakinta aka gutsuro ɗan ƙanƙanin abu daga hanji aka duba, magana ta tabbata.

Ranar da likita ke yi musu bayani ta ce, "Babu allura ko ƙwayar da ke warkar da ita. Maganinta barin alkama da sha'ir har ƙarshen rayuwa. Gero, dawa, masara, shinkafa, acca, rogo, doya, wake, nama, nono, duk nata ne. Sannan cutar tana bin jini. A cikin iyaye da 'ya'ya da 'yan uwan ciki ɗaya na mai ita, kusan 1 cikin 10 ana samun sa da ita. Kai ma Malam ya kamata a gwada ka. Inna, a danginku akwai wanda ya yi fama da ciwon ciki da ƙarancin jinin da aka rasa kansa?"

Inna ta daɗe ba ta amsa ba. 'Yarta, mahaifiyar Ummi, lafiya ƙalau aka kawo ta birni. Bayan aure ne ta fara ciwon ciki da rama, ana ta yi mata ƙarin jini har ta koma ga Allah. A lokacin ma Inna ta zargi wata tsohuwa a dangin miji, ta yanke gaisuwa da ita har tsohuwar ta rasu. Hawaye suka zubo mata. Ta ce, "Astagfirullah. Mutum nawa na ɗauki alhakinsu?"

Ba ta bari maigida ya tafi biko shi kaɗai ba. Da ƙafarta ta taka har gidan masu gurasa, ta zauna a gaban Anti, yarinyar da a haife ta yi jika da ita, ta ce, "'Yar nan, na zalunce ki. Ki yafe mini tun muna duniya." Anti ta ce, "Na yafe, Inna. Ke ma son ta ne ya sa ki."

Da ta dawo, abu na farko da ta yi shi ne mayar da sana'arta gidan mahaifiyarta, don ƙurar fulawa ba ta barin kwano ko tukunya. In ta gama gashi sai ta yi wanka ta sauya kaya kafin ta taɓa abincin Ummi. Likita ta gaya mata cewa a ƙa'idar duniya abinci ba ya shiga sahun marasa gulutin sai in bai wuce miligiram 20 a kilo guda ba, wato ɓurɓushi ma ya isa ya tayar da ciwo. Don haka ta ware wa Ummi rariya da muciya da ƙwarya. Ta daina kai geronta injin da ake niƙa alkama, ta koma turmi. Ta daina sayen ƙosan da aka soya a man fanke. Ɗanwake ta koma yin nata da garin wake da rogo da kuka, ba fulawa. Ta gane tuwon samo alkama ne, lemon malt kuma akwai sha'ir a ciki. Duk abin da ke cikin leda ko gwangwani sai an karanta jikinsa. Ranar sallah, in yara na cin cincin, ita Ummi ga wainarta ta shinkafa da alewar madara. Aka je makaranta aka yi wa malamai bayani, yarinya kuma ta koyi tambaya da bakinta: "Don Allah akwai fulawa a ciki?"

Cikin 'yan makonni gudawa ta tsaya. Aka ɗora ta a kan maganin ƙarin jini. Kafin shekara ta zagayo an sake ɗinka mata kayan makaranta saboda tsofaffin sun yi mata kaɗan.

Jikin Ummi ya warke, amma sunan Anti bai gama warkewa ba. Waɗanda suka ji zargin sun ninka waɗanda suka ji wankewar. Har yanzu akwai gidajen da ba a sayen gurasarta, akwai masu cewa likita rufa mata asiri ta yi. Inna ta yi ta bi gida-gida tana warware maganar da ta ƙulla, amma magana zarar bunu ce.

Ya kai mai karatu, dubi wannan gida da kyau. Inna ba muguwa ba ce, kuma abin da ta gani gaskiya ne: yarinya na warkewa a ƙauye, tana kwanciya a birni, gurasar ma da gaske ita ke cutar da ita. Inda ta kauce shi ne da ta tsallake tambayar "mene ne?" ta faɗa kan "wace ce?" Maigida ya ga zalunci ya yi shiru don gudun ɓacin ran babba, shirunsa ya kusa cinye 'yarsa da aurensa. Wadda aka wulaƙanta ita ce ta tsaya ta lura, likita kuma ta saurare ta ba ta raina ta ba. Zato zunubi ne, kuma a gidan da ake jinya yakan cinye lokacin da ya kamata a yi neman magani.

Ba kowace rama ko kumburin ciki ce wannan cuta ba, kuma wanda alkama ba ta cutar da shi ba shi da dalilin barin ta. Amma in kana da yaron da gudawarsa ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, yana ci ba ya girma, jininsa kullum ƙasa, ka lura da abin da yake ci da lokutan da yake samun sauƙi. Ka kai shi wurin likita ka faɗi duk abin da ka gani, kada ka janye masa alkama sai an yi gwaji. Ka haɗa da addu'a, domin addu'a da neman magani ba sa faɗa da juna. Kafin nan kuma ka kame bakinka daga mutuncin matar uba da kishiya da maƙwabciya, domin ciwo yana da magani, amma alhakin wanda ka yi wa ƙazafi yana nan yana jiran ka har gaban Allah.